Facin tsaro da facin ƙarko: amsa ga ƙanenmu mai OpenBSD

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da dare. Ku yi haƙuri, murya zan yi, don maganar nan ta fi ƙarfin yatsa. Ƙanena, na ga tambayarka tun da la'asar, ina kan hanya ne. Ka ce tsohuwar kwamfutar nan da ka ɗora wa OpenBSD, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, take raba muku intanet a shago, ka duba jerin facin da suka fitar, wato ƙananan gyare-gyaren da ake liƙa wa tsarin, ka ga wasu an ce na tsaro ne, wasu kuma an ce na ƙarko ne, wato don kada na'ura ta riƙa sandarewa, shi ne kake tambaya ko za ka iya ɗaukar na tsaron kawai ka bar sauran. To ni dai na fahimci inda ka dosa. So kake wani ya ce maka ba komai, bar ta yadda take tunda tana aiki. Tsoro kake ka kashe ka kunna ta ƙi tashi alhali mutane na zaune suna jiran aiki. Na san tsoron nan sarai, amma wallahi ba za ka ji "ba komai" daga bakina ba.

Da farko ma, zaɓin da kake magana a kai babu shi. Shi syspatch, umarnin da ake sa facin da shi, a takardar bayaninsa an faɗa ƙarara cewa facin a jere suke, kowanne yana hawa kan na bayansa. Ba ka isa ka tsallake na 3 ka sa na 4 ba. Ka buga shi, ya kwaso duk wanda ba ka da shi, ya jera maka su. Shi ke nan. Da a nan zan tsaya da na gama amsa ka, amma akwai abin da ya fi wannan damu na, tunanin da ya haifi tambayar, cewa wai facin ƙarko ƙaramin abu ne.

Bari in ba ka labarin 2007, waɗanda suka daɗe a zauren nan sun ji shi a bakina, to su ƙara ji. Ka san mutanen OpenBSD, tun da Theo de Raadt ya kafa aikin a 1995 daga can Kanada, abin alfaharinsu ɗaya ne, tsaro. Har kirari suke wa kansu a kan yawan ɓarakar da aka taɓa samu wadda mutum zai shigo ta cikinta daga nesa, a na'urar da aka ɗora ba a taɓa komai ba. A lokacin guda 1 ce tak, wadda aka gano a 2002 a OpenSSH, manhajar da ake shiga kwamfuta daga nesa da ita. To a watan Fabrairun 2007 sai masu bincike na wani kamfani, Core Security, suka kawo musu rahoto. Suka ce ga wani fakitin IPv6, wato ƙunshin saƙo a sabon tsarin adireshin intanet, da aka gutsuttsura ta wata siga, in aka aika wa na'urarku, kanel ɗin, wato zuciyar tsarin gaba ɗaya, yana rikicewa wajen ajiye shi a ƙwaƙwalwa, sai na'urar ta faɗi. Mutanen OpenBSD suka duba, suka ga gaskiya ne, suka gyara da wuri, ba su yi wasa ba. Amma da za su fitar da facin, me suka kira shi? Na ƙarko. Hujjarsu ita ce, ai iyakar abin da maharin zai iya shi ne ya kayar da na'ura, ba zai shiga ba. Ka ji fa. Irin facin da kake cewa za ka bari ke nan.

Su kuwa masu binciken ba su haƙura ba. Suka koma suka zauna a kan abin, har suka nuna cewa da wannan ɓarakar dai, ita ɗin dai, mutum zai iya cusa nasa umarnin ya gudana a cikin kanel. Wanda ya kai nan kuwa ya gama da kai, babu wata kalmar sirri da za ta tare shi, ya zama shi ne mai gidan. A watan Maris aka sauya wa facin suna daga na ƙarko ya koma na tsaro, kirarin nan kuma ya tashi daga ɓaraka 1 ya koma 2. Har yau a 2 ɗin yake. Fitowar 3.9 da 4.0 aka yi wa facin a lokacin. To ka duba, a ranar da aka sauya sunan facin bai canja ba, layukan da aka gyara su ne dai. Sunan ne kawai ya canja, saboda ilimin da ake da shi a kan matsalar ya ƙaru. Wanda ya sa tun ranar farko yana barcinsa lafiya. Wanda ya ce a'a wannan na ƙarko ne, sai na samu lokaci, shi ya kwana da ƙofa a buɗe bai sani ba.

Kada wani ya ce ina zagin mutanen OpenBSD, a'a. Ni fa ina girmama su, su suka ba duniya OpenSSH, su suka yi pf ɗin da kake tace hanya da shi a shagonka, su suka tashi suka yi LibreSSL, manhajar ɓoye saƙonni a intanet, a 2014 bayan abin kunyar Heartbleed, wata babbar ɓaraka da aka gano a manhajar da duniya ke amfani da ita wajen wannan aikin. Abin da nake nufi, in har waɗannan, da duk tsantseninsu, za su kalli matsala su ce faɗuwa ce kawai daga baya ta zama kafar shiga, to ni da kai a wane matsayi za mu zauna muna tantance wanne ne mai muhimmanci? Sunan da aka sa wa faci, abin da aka sani ne a ranar da aka fitar da shi. Kuma duk inda ka ji an ce manhaja tana rubutu a wurin da bai kamata ba a cikin ƙwaƙwalwa har na'ura ta faɗi, to ka sa a ranka akwai yiwuwar wani mai haƙuri ya juya wannan faɗuwar ta zama makami. Yauwa, kuma na tuna, wani zai ce ai ni ba na amfani da IPv6. Masu OpenBSD na 2007 ɗin ma da yawansu ba sa amfani da shi, amma yana cikin kanel ɗin da aka ba kowa. Shi ya sa shawarar wucin gadi da aka bayar a lokacin ita ce a toshe shi da pf kafin a sa faci.

Sannan ko da a ce faɗuwar ce kawai, ba shiga, kai a wurinka ƙaramin abu ne? Na'urar da duk shagon ya rataya a kanta ta sandare ana tsakiyar yi wa yara rajistar jarrabawa, layi har waje, me za ka gaya wa iyayensu?

Ga kuma wani abu da mutanenmu ba sa lura da shi game da buɗaɗɗiyar manhaja. Facin nan a fili ake ajiye shi, kowa na iya karantawa, ga layin da aka cire, ga wanda aka sa. Alheri ne, don kai ma za ka iya dubawa, ba wanda ya ɓoye maka komai. Amma mai kutse ma yana karantawa, kuma ya fi ka naci. Ranar da faci ya fito, ranar aka nuna wa ɓarawo daidai inda katanga ta tsage. Daga nan tsere ne tsakaninka da shi. Ku tuna WannaCry, ƙwayar cutar kwamfutar nan mai kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa, an fitar da gyara a Maris 2017, aka yi ta jan ƙafa, a watan Mayu abin ya ɓarke har asibitoci a Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. To wannan Windows ne, ba shi muke magana ba, a bar shi. Amma halin ɗan Adam ɗin ɗaya ne.

Ni abin nan ya taɓa ci na, shi ya sa kuke jin muryata haka. Akwai inda na taɓa aiki, ba sai na faɗi wurin ba. Na tarar da wata na'ura a ƙarƙashin tebur, OpenBSD ce a kai, ita ce ƙofar ofishin gaba ɗaya zuwa intanet. Maigidan wurin yana alfahari da ita, wai ta fi shekara 2 ba a taɓa ta ba. Na ce ranka ya daɗe, wannan abin tsoro ne, a ba ni dare ɗaya in sabunta ta. Ya ce abin da ke aiki ba a taɓa shi. Na koma, na sake komawa, har na rubuta a takarda na ajiye masa. Ya ce ni yaro ne, ina son in nuna na iya. To ka san tsarinsu, duk wata 6 suke fitar da sabuwa, kuma guda 2 na ƙarshe kawai suke yi wa faci. Wato kowace fitowa kusan shekara guda take da shi, daga nan an sallame ta. Tamu ta daɗe da wucewa. Ranar da hankalinsa ya tashi, ya ji labarin wata ɓaraka a bakin wani abokinsa, ya kira ni da daddare wai in sa faci yanzu-yanzu, na ce babu facin da za a sa, ba a yi wa tamu. Sai hawa, kuma hawan ma ba a tsallake, daga wannan zuwa mai bi mata, ɗaya bayan ɗaya. Asabar da Lahadi na kwana a ofishin nan, janareta na ta shan mai, kowane mataki sai na karanta abin da ya canja, don a tsawon lokacin nan har yadda ake rubuta wasu saituttuka ya sauya. Ranar Litinin firinta ɗaya ta ƙi haɗuwa, guda ɗaya fa, kuma kafin azahar na gyara ta. Mutumin nan ya tsaya a gaban ma'aikata ya ce ai ya faɗa, tun da aka taɓa na'urar nan komai ya lalace. Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Aikin da za a riƙa yi minti 10 a wata, aka tara shi ya zama kwana 2, kuma laifin ya dawo kaina. Takardar da na rubuta masa kuwa ko... kai, a bar maganar nan.

Mu dawo kanka. Ku yaran yanzu an sauƙaƙa muku. Kafin fitowar 6.1, wato kafin Afrilun 2017, babu syspatch. Sai ka sauko da kod ɗin tsarin, ka liƙa facin da hannunka, ka harhaɗa da kanka, a tsohuwar na'ura ka yi ta jira. Yanzu fa? Bayan an rufe shago, ka buga syspatch da -c, zai nuna maka waɗanda suka rage maka, bai taɓa komai ba tukuna. Sannan ka buga shi shi kaɗai. Zai sauko da su, ya tabbatar da sa hannun da ke kansu ta signify, manhajarsu ta duba sa hannu, don kada wani ya sauya maka kaya a hanya, sannan ya sa. In facin ya shafi kanel, zai sake ɗinka maka sabon kanel, ya gaya maka da kansa cewa ka kashe ka kunna. In kuma bai shafi kanel ba, sau da yawa sabis ɗin da abin ya taɓa kawai za ka sake tayarwa da umarnin rcctl. Tsoron da kake ji kuma, an yi masa magani: kafin ya sa kowane faci yana ajiye tsofaffin fayilolin, in wani abu ya karkace ka buga shi da -r ƙarami, ya cire na ƙarshe. R babba kuma ya kwashe duka.

Abu ɗaya zan ja maka kunne, wuta. Kada ka fara aikin nan sai na'urar tana kan inbata ko batirin da ka yarda da shi. A ɗauke wuta ana tsakiyar rubuta kanel, wannan shi ne abin tsoro na gaskiya, ya fi facin kansa. Kuma in ka kunna na'ura yanzu-yanzu, ka ɗan jira, don a kowane tashi tana sake ɗinka kanel ɗinta a bayan fage, in ba ta gama ba syspatch zai ƙi ka. Ba lalacewa ba ce, ka ba ta 'yan mintoci.

Da ka yi wannan ka gama... a'a, tsaya, ban faɗi daidai ba. Ba ka gama ba. Shi syspatch gundarin tsarin kawai yake gyarawa, abin da ya zo da OpenBSD ɗin kanta. Duk abin da ka ƙara da hannunka daga baya da pkg_add, wannan daban ne, sai ka bi shi da pkg_add da -u. Mutane da yawa a nan suke faɗawa, su ɗauka sun rufe ko'ina alhali taga na buɗe.

Maganar cin data da wani ya kawo a ƙasan tambayarka, yawancin facin nan ƙanana ne, bidiyon da ake turowa a zauren nan kullum ya fi su cin data nesa ba kusa ba. Hawa zuwa sabuwar fitowa da sysupgrade ne mai ɗan nauyi, shi kuma sau 2 ne a shekara.

Abin da ban ji ka faɗa ba, kuma shi ne ya hana ni sakewa tun da na karanta saƙonka, wace fitowa ce a kan na'urar? Ka ce "tsohuwar kwamfuta", ban damu da tsufan ƙarfen ba, tsufan abin da ke kai nake tambaya. Don in ta fita daga guda 2 na ƙarshe, duk bayanin syspatch da na yi ba zai amfane ka ba, sabon faci ba zai zo maka ba, sai mu zauna mu tsara hawa. Ka buga uname da -r, ka ɗauki hoton abin da ya fito ka turo nan. Ka turo har da abin da syspatch -l ya nuna, in ga waɗanda aka taɓa sawa. Yau da daddaren nan in da hali, ina nan ban kwanta ba.