Na buga "tokyo" amma kwamfuta ta ƙi gane ni

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina koyon Japananci, na iya hiragana da katakana (jerin haruffan Japananci biyu da ake kira kana), na kuma saka Microsoft IME, manhajar buga Japananci a kwamfuta. Amma in na buga "tokyo" na danna Space, sai wasu haruffa daban su fito. Wani mai gyaran kwamfuta ya ce sai na sayi kibod na Japan. Wasiƙa zan aika wa wani farfesa a can, ina tsoron in ji kunya.

Amsa: Riƙe kuɗinka, ɗan'uwa. Kibod ɗinka lafiyarsa ƙalau, mai gyaran nan ciniki yake nema. Su kansu Japanawa galibinsu da romaji, wato haruffan boko, suke rubutu a kwamfuta.

Abin da ke damunka shi ne abin da na gaji da faɗa wa ɗalibai: wai "ka buga yadda ka ji ana faɗa". Wa ya ce? IME ba shi da kunne, haruffan kana yake bi ɗaya bayan ɗaya. "Tokyo" na kan taswira rubutu ne na 'yan ƙasashen waje, an zubar da dogayen wasula. Sunan garin とうきょう ne, don haka "toukyou" za ka buga kafin 東京 ya fito. Osaka kuwa "oosaka".

Mu Hausawa wannan tarkon ya fi kama mu, domin bokonmu ba ya nuna tsawon wasali. "Gari" muke rubutawa, ko na zama ko na tuwo, mai karatu ya gane da kansa. Japananci ba ya yafe wannan. "Obasan" inna ce ko gwaggo, "obaasan" kaka. "Shujin" maigida ne, "shuujin" fursuna. Wasali ɗaya ya sa ka jefa mijin wata a kurkuku, kuma IME ba zai ce maka uffan ba, kanjin (alamomin rubutu irin 東京) zai miƙo maka ka danna Enter da hannunka.

Ninkin baƙi ba zai ba ka wahala ba, mun saba da shi: "kitte" zai ba ka きって. Harafin ん ka riƙa buga masa "nn", shi ya sa gaisuwar nan ta "konnichiwa" take "konnnichiha", n har uku. Ka lura da ƙarshenta: "wa" ake furtawa, "ha" ake bugawa. Haka を, "wo" ne. In katakana kake so, danna F7 kafin Enter.