Gyaran ɗakin haya ba tare da rigima da mai gida ba

'Yar uwa, kin tambayi yadda za ki ƙawata gidan haya ya zama kamar naki. Shawarata, kada ki zuba kuɗi a tayil ko silin, ranar tashi nan za ki bar su. Fenti kuwa, ki fara neman izinin mai gida.

Labule ne ke canza ɗaki. Ki shiga Kantin Kwari ki zaɓi yadi mai kauri, tela ya ɗinka shi ya sauko har ƙasa, ki dace shi da kafet ko ledar ɗaki. Ni fayafayi masu launi irin na Kasuwar Kurmi nake so a bango, ƙaramar ƙusa ta ishe su, ramin kuma sai a cike shi. Ki ƙara tumtum biyu a kusurwa, sannan turaren wuta kullum da yamma.