Karatun dakta kana bakin aiki: amsa ga wani injiniya a Coventry

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni injiniya ne ɗan Zariya, shekarata uku a wata masana'antar kayan mota a Coventry da bizar ma'aikaci, kuma ina da digiri na biyu. Ina son yin dakta a fannin gudanar da ayyukan injiniyanci da fasaha. Ina da iyali a nan, ga mahaifiya da ƙanne a gida suna jiran abin da nake turawa. Zai yiwu ba tare da na ajiye aiki ba? In na koma gida takardar za ta yi mini amfani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Injiniya. Zai yiwu, in Allah ya yarda. Sai dai ƙofar da za ka fara ƙwanƙwasawa ta manajanka ce, jami'a daga baya.

Irin wannan digiri a Birtaniya ana kiransa EngD, wato digirin dakta na injiniyanci. An fara shi a 1992 domin injiniyan da zai yi bincikensa a cikin masana'anta, shekara huɗu, kusan kashi uku cikin huɗu na lokacin a wurin kamfani. Sashen WMG, mai kula da harkar masana'antu a Jami'ar Warwick, da ke nan kusa da kai, ya daɗe yana yin sa. Maganar binciken daga wurin aiki take fitowa. Ka tuna injin nan da yake tsayawa duk mako a aikin dare, ana rubuta dalilin a littafi, da safe a gyara, bayan kwana huɗu ya sake tsayawa. Me ya sa, nawa ake asara, wane tsari ne zai hana? Wannan shi ne kayan karatunka. Amma bayanan na kamfani ne. In ba su sa hannu cewa za ka yi amfani da su ba, za ka kai shekara ta biyu ka tarar da rumbunka babu hatsi. Ka nemi yardarsu a rubuce: bayanan da za ka taɓa, abin da za a iya wallafawa, ranar da za a riƙa sakinka, da abin da za ka maido musu in sun biya maka kuɗin makaranta sannan ka bar aikin.

Ga inda nake so ka buɗe ido. Kada ka ajiye aiki ka koma ɗalibi don an yi maka tayin tallafi. Mafi ƙarancin alawus ɗin da UKRI, hukumar ba da kuɗin bincike ta gwamnatin Birtaniya, ta sa wa masu dakta a zangon 2025/26 fam 20,780 ne a shekara. Ɗora shi kusa da albashinka, ka cire haya, ka ga abin da zai saura wa Hajiya mahaifiyarka. Abin da ya fi wannan ciwo, zaman da aka yi da bizar ɗalibi ba ya shiga lissafin shekarun da ma'aikaci ke tarawa don samun takardar zaman dindindin. Ka riga ka ci uku. Ni dai ba zan so ka zubar da su ba.

Bizarka ta yarda ka yi karatu kana aiki. Amma ɗan Najeriya da zai yi bincike a wasu fannonin injiniyanci sai ya samu takardar ATAS, wato izinin gwamnatin Birtaniya na yin irin wannan binciken, kafin ya fara. Kyauta ce, ta intanet ake nema, tana cin makonni, jami'a ce za ta gaya maka ko fanninka na ciki. Sannan kafin ka samu zaman dindindin, kuɗin baƙi za a caje ka, wanda ya ninka na 'yan ƙasa. Shi ya sa sau da yawa nake cewa mutum ya yi amfani da shekarun jira wajen samun matsayin CEng, wato shaidar ƙwararren injiniya mai rajista, ta hannun ƙungiyoyin injiniyoyi irin su IMechE ko IET, ya tsara maganar bincikensa, ya samo malamin da zai duba shi, sannan ya yi rajista.

Batun gida kuwa, ya danganta da abin da za ka koma yi. In kamfani za ka kafa ko aikin ba da shawara ga masana'antu, EngD ya wadatar, sai ka haɗa da rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya. In kuwa zuciyarka na kan koyarwa a ABU ko Bayero, jami'o'inmu PhD suka saba gani a takardar ƙarin girma. Rubuta wa magatakardar jami'ar tun yanzu ka tambaya yadda suke ɗaukar EngD, ka adana amsar. In ta zo da ƙila-wa-ƙala, yi PhD irin wanda ake haɗawa da aiki a kan matsalar masana'antar taka, ko da zai kai shekara shida. Kuma ka guji masu tallan dakta ta intanet cikin wata goma sha takwas, domin Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ce ke tantance takardun waje.

Kafin duk wannan, zauna da uwargida. Asabar ɗinka da dararenka bayan isha'i za su koma kan teburin cin abinci da kwamfuta, ita ce za ta riƙe yara. Ka kuma kira Hajiya da bakinka ka faɗa mata nawa za ka iya turawa duk wata a shekarun nan, kada ta ji ragin a wurin mai POS. Allah ya sa albarka.