Likita na amsa: "Oksijen ne ya kashe mahaifinmu?"

Assalamu alaikum. Saƙonnin wannan mako kusan duk a kan ɗakin reya suke, wato ɗakin da muke kwantar da waɗanda ciwonsu ya yi tsanani. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Wata baiwar Allah daga Talaje: Likita, yayana kwanansa huɗu a reya, bai san inda kansa yake ba. In na yi masa magana yana ji?

Ki yi masa, ƙanwata. Ji yana cikin abubuwan da ke jimawa ba su bar mutum ba. A 2020 masu bincike na Jami'ar British Columbia a Kanada sun ga ƙwaƙwalwar wasu marasa lafiya da ke gab da rasuwa tana amsa sauti, alhali ba sa ko motsi. Ki wanke hannu, ki riƙe nasa, ki faɗi sunanki. Zancen kuɗin magani kuma a yi shi a waje.

Wani dattijo: Mu goma sha ɗaya muka taso daga Illela, aka ce mutum ɗaya kaɗai zai shiga. Wannan ba wulaƙanci ba ne?

A'a, Baba. Jikin na reya ba ya iya yaƙi da ƙwayar cutar da ke hannuwanmu da tufafinmu. Ku zaɓi mutum guda mai natsuwa, ya ba majo, wato babbar ma'aikaciyar jinyar ɗakin, lambarsa, shi zai riƙa karɓo bayani ya kawo muku.

Wani ɗan kasuwa daga Bukoki: Baba mai tansiyo ne, wato hawan jini. Ya faɗi bayan sallar asuba, bakinsa ya karkace. Kwana biyu ana masa hayaƙi a gida kafin na matsa muka kai shi likita nan Yamai. Aka sa masa oksijen. Gwaggo ta zo da rubutu da zamzam za ta ba shi, infirmiya ta hana. Kwana uku ya rasu. Yanzu a gida ana cewa oksijen ne ya ƙarasa shi, an kuma bar shi ya tafi da ƙishirwa, ni ne na kai shi. Ba na iya barci.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa. Ɗan'uwana, saƙonka na karanta shi sau uku, kuma zan daɗe a kansa, don maganar da ake faɗa a gidanku tana kashe mutane a ƙasar nan.

Oksijen ba magani ba ne da aka haɗa a wani kamfani don a gwada a kanmu. Yana cikin iskar da kake shaƙa yanzu, kashi 21 cikin 100 nata. Wannan ɗan abin da ka ga an maƙala wa Baba a yatsa, shi ke nuna yawansa a jini. Mai lafiya yakan nuna 95 ko sama da haka. In ya sauka ƙasa da 90, jiki ya shiga haɗari, ƙwaƙwalwa kuwa ƴan mintoci kaɗan take iya jurewa babu shi. To daga ina zancen ya samo asali? Wanda numfashinsa ya riga ya yi nisa muke sa wa oksijen, wasu daga cikinsu kuma suna rasuwa duk da ƙoƙarinmu. Masu jinya suka ga an sa, suka ga an rasu, sai suka haɗa biyun. Waɗanda aka sa wa suka tashi suka koma kasuwa, ba wanda ke ƙirga su. Na taɓa zuwa da safe na tarar da gadon wani yaro mai ciwon huhu babu kowa: kakarsa ta cire masa oksijen cikin dare suka gudu da shi. Har yau abin yana ci mini rai. Don Allah, in likita ya ce a sa oksijen, a bari a sa.

Sai zancen ruwa. A maƙogwaro hanya biyu ce, ta abinci da ta iska. Mai hankalinsa a jiki, duk lokacin da ya haɗiya, ta iskar takan rufe da kanta. Wanda ya suma ko ɓarin jikinsa ya shanye, wannan rufewar takan lalace, har tari ba ya iya yi. Cokali ɗaya na ruwa, na koko, na madara ko na rubutu, yana iya wucewa huhu. Ko ya shaƙe shi nan take, ko bayan kwana biyu huhun ya kama da zazzaɓi. Zamzam ruwa ne mai albarka, amma huhu ba mazaunin ruwa ba ne. Kuma Baba bai tafi da ƙishirwar da ake faɗa ba, sarom ɗin da ke rataye yana kai masa ruwa ta jijiya dare da rana.

Infirmiyar ta yi daidai da ta hana. Amma in hanawa kawai ta yi ta juya, to ta bar rabin aikinta. Gwaggo ba da mugunta ta zo ba, ta zo ne da abin da take da shi. Wata majo da na yi aiki da ita shekaru, in irin haka ta taso, sai ta karɓi ruwan da hannu biyu, ta jiƙa auduga, ta matse, ta nuna wa tsohuwar yadda za ta shafa a leɓɓan mara lafiyan da goshinsa. Leɓen ya yi laushi, tsohuwa ta fita zuciyarta a kwance. In ta ga lokaci ya matso, takan jawo labule, ta kawo kujera, ta rage ƙarar na'ura, ta kira babban gida gefe ta ce: "Alhaji, ku kira wanda za ku kira, mutum ɗaya ya shigo ya zauna da shi." Takan bayyana musu cewa kakarin nan da ake ji a ƙirji majina ce da ba ya iya haɗiyewa, ta juya shi gefe don ya ragu. Ta bar ɗansa yana maimaita masa kalmar shahada a hankali kusa da kunne, kamar yadda Annabi (SAW) ya umarta. Bayan rai ya yi halinsa, ta rufe masa ido, ta cire tiyo da allurai, ta goge fuskarsa, sannan ta shigo da uwargida. Duk wannan ba ya cin ko dala, kuma haƙƙinku ne ku roƙa. Ku tambaya da ladabi: "Malama, ina muke? Me zan iya yi masa da hannuna?"

Mu ma likitoci da laifinmu. Sau da yawa mukan ce "da sauƙi" alhali mun san ba sauƙi, iyali suna ta sayen odonansi, wato magungunan da muke rubutawa, har a sayar da rago ko a jinginar da gona, sai mutuwa ta zo musu kamar daga sama. Wanda ba a gaya wa gaskiya ba, dole ya nemi abin da zai ɗora wa laifi.

Kwana biyun nan na gida kuwa, ba zan ɓoye maka ba, sun yi ɓarna. Jijiyar ƙwaƙwalwa ce ta toshe ko ta fashe, me hayaƙi zai yi mata ban da ƙara shaƙe mai numfashi da ƙyar? Baki ya karkace, hannu ya mutu, magana ta sarƙe: a tafi likita a wannan sa'ar, a yi addu'a a cikin mota. Kai ne ka tsaya aka kai shi, ka yi abin da ɗa nagari ke yi, ajali kuma na Allah ne. Kai da ƙannenka duka ku je a gwada muku tansiyo, yana bin gida. In rashin barcin ya wuce mako biyu ko uku, ka zo a duba ka.

Wata malamar makaranta daga Tawa: An ce allurar morfin da ake yi wa mai ciwon ajali tana gaggauta mutuwa.

In likita ya auna ta daidai, zafin ciwo da wahalar numfashi take ragewa. Kada ku hana a yi wa naku.

Wata ƴa daga Harobanda: Innarmu tana takaba, ba ta barci, ba ta cin abinci sosai. Maƙwabciya ta sayo mata ƙwayoyi wajen mai talla.

Subhanallah! Ku karɓe su yau. Ƙwayar da ta wuni a rana bisa tire, ba a san ko diyazefam ce ko tramol ba, a ba tsohuwa mai baƙin ciki? Diyazefam na sa tsoho jiri ya faɗi ya karye, tramol na kawo farfaɗiya, dukansu kuma jiki na sabawa da su. In ta kwana biyu tana sha kullum, ku kawo ta tare da ƙwayoyin mu ga yadda za a janye su. Wata huɗu da kwana goma ba su hana mace fita neman magani ba, ku tambayi malamin unguwarku. Wata ta riƙa kwana a ɗakinta, ku ci abinci tare, ku bar ta ta yi zancensa ta yi kukanta. In ta daina shan ruwa, ko ta fara cewa gara ta bi shi, ku kai ta likita ranar nan, kada ku jira arba'in.

Wani uba daga Wadata: Ɗana mai shekara 6 kullum yana tambayar kakansa. Mun ce masa ya yi tafiya.

Zai ta zaman jiransa a ƙofar gida. Ku gaya masa Kaka ya rasu, ba zai dawo ba, ba kuma laifin kowa ba ne. Ku koya masa ya ce "Allah ya jiƙan Kaka" bayan salla.