Zan iya haɗa katin RFID da eriyarsa da hannuna?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a wata kwalejin fasaha a Kaduna. Aikina na kammala karatu na'urar ɗaukar sunayen ɗalibai ce da katin RFID, wato katin da na'ura ke karantawa ba tare da ya taɓa ta ba. Malamin da ke duba ni ya ce kada in sayi kati kawai, in haɗa nawa har da eriyarsa. Kuɗin hannuna ba yawa. Ta ina zan faro?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Malaminka ya yi maka gata, don wanda ya naɗa eriya da kansa ba ya manta yadda take aiki.

Katin nan ba shi da batir. Na'urar karantawa ce ke fitar da maganaɗisu, naɗin wayar da ke cikin katin ya ɗebo wuta daga nan ya kunna aisin (IC, ƙaramin guntun lantarkin da ke riƙe bayanan katin), kamar dai yadda taransifoma ke yi. Saboda haka ka tsaya a zangon 13.56 MHz. Shi NFC na wayar hannu, wato fasahar karanta kati a kusa, ke amfani da shi, shi kuma allon RC522 da ake haɗawa da Arduino (ƙaramin allon kwamfuta) ke karantawa. Zangon UHF, wato 860 zuwa 960 MHz, yana kai nisan mitoci da yawa, amma daidaita eriyarsa da aisi sai da kayan awo masu kyau. Bar shi tukuna.

Hanya mafi arha tana wurin masu naɗin fanka da injin ruwa. Ka nemi siririyar wayar tagulla mai rufi, ka kafa ƙusoshi huɗu a katako daidai faɗin katin ATM, ka zagaya wayar. Yawan zagayen ba da ka ake yinsa ba, aisin ne ke faɗa. Aisin NT3H2111 na kamfanin NXP yana da 50 pF (ma'aunin kafasita) a cikinsa, yana neman naɗi mai kusan 2.7 µH (ma'aunin naɗin waya), wajen zagaye huɗu ke nan a wannan faɗin. ST25DV04K mai 28.5 pF yana neman kusan 4.8 µH, sai ka ƙara zagaye ɗaya ko biyu. Dukansu ana samun su da ƙafa takwas, kowane mai gyaran waya zai sa maka dalma. Ka kankare rufin bakin wayar da reza har ta yi ƙyalli, in ba haka ba dalma ba za ta kama ba.

Idan aisin ya yi wuyar samu, jiƙa tsohon katin buɗe ƙofa a asiton, sinadarin da ke narkar da roba. Robar za ta saki, aisin da wayarsa su fito ka ɗauke su a hankali. Kada ka taɓa katin banki. Sitikar NFC kuwa yawanci eriyarta alminiyam ce, dalma ba ta kama shi, aisin kuma bai kai ƙwayar gero ba, sai dai ka ɓata lokacinka.

Tef ɗin tagulla ma yana yi, in kana son abu shimfiɗaɗɗe a kan kwali. A kusurwa ka lanƙwasa shi, kada ka yanke ka ɗora, don gam ɗin da ke ƙasansa ba kullum yake barin wuta ta wuce ba. Inda bakin tef ɗin na ciki zai haura sauran layukan ka sa salatef a tsakani. Akwai kuma buga zanen eriya da firintar lesa, a goge shi a allon tagulla da dutsen guga, a wanke da sinadarin ferik kulorayid mai cin tagulla, wannan ka bar shi sai ka tabbatar da girma da yawan zagaye. Ranar da za ka yi, sa safar hannu, kuma a fili.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne awo. Ɗalibai da yawa kati na ƙin karantuwa sai su ƙara zagaye, suna zaton yawa ne ƙarfi, alhali nisanta shi suke yi daga zangon. In sashenku na da NanoVNA, ƙaramar na'urar awon eriya, haɗa masa zoben waya zagaye ɗaya, ka kusantar da katin, za ka ga layin ya lotsa a inda eriyar ta daidaita. Nemi lotsawar ta faɗo kusa da 14 MHz. Ta yi ƙasa, rage zagaye. Ta yi sama, ƙara ƙaramar kafasita. In babu na'urar, sa manhajar NFC Tools a waya, ka riƙa jera takardu tsakanin wayar da katin kana ƙirgawa har ya daina karantuwa. Rubuta adadin kowane gwaji a littafi, shi zai cika maka babi na huɗu na rahoton aikinka.

Tambaya: Malam, na manna sitikar NFC a jikin ƙofar ƙarfe ta shagona, waya ta daina ganinta. Ta lalace ne?

Amsa: Lafiyarta ƙalau. Ƙarfen ne ke shanye maganaɗisun ya kuma karkatar da zangon eriyar. Nemi sitika mai shimfiɗar ferayit a bayanta (sinadarin da ke kare maganaɗisun daga ƙarfe), wadda aka yi don mannawa a ƙarfe. Ko ka kafa ɗan katako mai kauri a ƙofar, ka manna ta a kansa.