Takunkumi, Hari ko Teburin Sulhu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, kullum muna jin labarin rikicin nukiliyar Iran da na Koriya ta Arewa, wasu suna cewa a ƙara matsa musu da takunkumi, wasu kuma suna cewa a rushe cibiyoyinsu tun kafin wankin hula ya kai kowa dare. Idan ƙasar da ke zaman doya da manja da maƙwabtanta ta nufi mallakar makamin nukiliya, wane mataki ne ya fi dacewa ƙasashen duniya su ɗauka? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama, na gode da wannan tambaya mai nauyi. Ma'aunin da nake auna kowane mataki da shi guda ɗaya ne, wato ko zai bar sufetocin Hukumar Kula da Makamashin Nukiliya ta Duniya a cikin ƙasar da ake zargi, ko kuwa zai zama sanadin korar su. Dalilin yana cikin yadda ake haɗa makamin. Yuraniyom ɗin da ake haƙowa daga ƙasa, kashi 0.7 cikin ɗari ne kawai nasa ke da amfani a wannan harka, don haka sai an tace shi a cikin dubban injina masu juyawa da tsananin gudu. Tashar lantarki tana buƙatar wanda aka tace zuwa kashi 3 zuwa 5, makami kuwa yana buƙatar kimanin kashi 90, kuma injinan da ke yin na farko su ne ke yin na biyu. Hoton tauraron ɗan'adam zai nuna gini, amma ba zai faɗi matakin da tacewa ta kai ba. Sai wanda ya shiga ciki.

Aikin sufeto ba shi da wani kwarjini a ido. Yana ɗaura hatimi a kan tukwanen ajiya, yana kafa kyamarori, yana kuma goga ɗan ƙyallen auduga a jikin bututu da bango, a kai ƙurar ɗakin gwaje-gwajen hukumar da ke Ostiriya. Irin wannan ƙura ce ta nuna ɓurɓushin yuraniyom mai tsananin tacewa a cibiyar tace yuraniyom ta Natanz da ke Iran a 2003, har Iran ta yi bayanin abubuwan da ta daɗe tana ɓoyewa. A ƙarshen 2002 kuma, da Koriya ta Arewa ta yanke shawarar ci gaba da shirinta, abin da ta fara yi shi ne cire hatimai, ta toshe kyamarori a cibiyar nukiliyarta ta Yongbyon, ta sallami sufetoci. A Janairun 2003 ta fice daga yarjejeniyar hana bazuwar makaman nukiliya, a Oktoban 2006 ta yi gwajinta na farko.

Masu son a kai hari suna da hujjar da ba zan raina ba, domin harin da Isra'ila ta kai wa wani ginin da ake zargin tashar nukiliya ce a gabashin Siriya a 2007 ya kawo ƙarshen abin da ake yi a wurin. Sai dai wancan gini ɗaya ne da aka yi da taimakon waje. A Iraƙi labarin ya bambanta: bayan Isra'ila ta rushe tashar nukiliyar Osirak a 1981, Saddam Husaini ya mayar da shirin na sirri, ya ƙara masa kuɗi da ma'aikata, kuma duniya ba ta san girmansa ba sai da sufetoci suka shiga bayan yaƙin 1991. Bam yana rushe gini, amma ilimin da ke kawunan injiniyoyi yana nan inda yake. Kafin hare-haren da Isra'ila da Amurka suka kai Natanz da Fordo da Isfahan a Yunin 2025, hukumar ta san Iran tana da fiye da kilo 400 na yuraniyom mai kashi 60, domin ita ce take auna shi. Bayan hare-haren Iran ta dakatar da haɗin kai da hukumar, sufetoci suka fice daga ƙasar.

Takunkumi kuwa yana aiki ne idan an bar wa wanda aka ɗora wa ƙofar fita. Daga 2006 zuwa 2017 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi ta ƙara wa Koriya ta Arewa takunkumi, har aka hana ta sayar da gawayin kwal da tufafi da kifi a 2017, amma a cikin wannan tsakani ta yi gwaji shida. Talaka ne ya ji jiki, masu mulki ba su fasa ba. A Iran, matsin da aka haɗa da tayin sassauci ya haifar da yarjejeniyar Yulin 2015 tsakaninta da manyan ƙasashen duniya, wadda ta taƙaita tacewa a kashi 3.67 da ajiya a kilo 300. Iran ta loda mafi yawan abin da ta tara a jirgin ruwa zuwa Rasha, ta cike zuciyar tashar nukiliyarta ta Arak da kankare, hukumar kuma ta yi ta tabbatar da cewa tana cika alkawari. Duk da haka Amurka ta fice a Mayun 2018 ta maido da takunkumi, a Afrilun 2021 Iran ta fara tacewa zuwa kashi 60. Yarjejeniyar tana da raunin da masu suka suka nuna, musamman wa'adin ƙarewar wasu sharuɗɗanta, amma a ganina gyara ta ake yi, ba yar da ita ba.

Nan ne abin da ya fi damuna yake, Malama. Kowace gwamnati tana kallon abin da ya sami waɗanda suka ajiye makami. Gaddafi ya miƙa shirinsa a Disambar 2003, a 2011 jiragen ƙungiyar tsaro ta NATO suka taimaka aka kifar da shi, kuma jami'an Koriya ta Arewa sun fito fili sun ce sun ɗauki darasi. Yukiren ta mayar wa Rasha makaman da ta gada daga Tarayyar Sobiyet bisa alkawarin 1994 na mutunta iyakokinta, sai ga Rasha ta ƙwace Kirimiya a 2014, ta kuma kai wa Yukiren mamaya a 2022. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Haka shugabannin da ke jin ana farautar su suke lissafi. Afirka ta Kudu, wadda ta ƙera bama-bamai shida ta kuma wargaza su da kanta, ta yi hakan ne bayan yaƙin cacar baka ya lafa kuma barazanar da take gani a iyakokinta ta kau.

Saboda haka abin da nake gani ya dace shi ne a yi magana da ƙasar kai tsaye ko da ana ƙin mulkinta, a sa shigar sufetoci ba tare da shamaki ba ya zama sharaɗi na farko, a ɗora takunkumin a kan kayan aikin tacewa da dukiyar masu yanke hukunci, a kuma rubuta a fili abin da za a ɗage idan aka cika kowane sharaɗi. Dole ne kuma a toshe kasuwar bayan fage, irin wadda masanin Pakistan Abdul Ƙadir Khan ya amsa a 2004 cewa ya yi da Iran da Libiya da Koriya ta Arewa. Ƙasashe biyar da yarjejeniyar hana bazuwar makaman nukiliya ta 1968 ta amince musu da makamin, wato Amurka da Rasha da Birtaniya da Faransa da Sin, su ma suna da bashi a wuyansu, domin sashe na shida ya wajabta musu tattaunawa da zuciya ɗaya kan kwance ɗamara, alhali Amurka da Rasha kaɗai suna riƙe da kusan kashi 90 cikin ɗari na makaman nukiliyar duniya har yau.