Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Ake Maimaita Wa Yara Maganin Tsutsar Ciki?

Tambaya: Ɗana yana da shekara ɗaya da wata takwas, lafiyarsa ƙalau, yana ci yana wasa. Wata shida da suka wuce ma'aikatan lafiya sun ba shi maganin tsutsar ciki, yanzu kuma sun ce a sake. Ban taɓa ganin tsutsa a bayan gidansa ba. Anya magani bai yi masa yawa ba kuwa? Daga wata uwa.

Amsa: Malama, ki kwantar da hankalinki, ki bari a ba shi. Rashin ganin tsutsa ba hujja ba ne, domin abin da ya fi fitowa a bayan gida ƙwayayenta ne, waɗanda ido ba ya iya gani sai da madubin likita. Yaro yakan ɗauke ta watanni yana wasansa, alhali tana raba abinci da shi, wata irin kuma tana maƙale a jikin hanji tana tsotsar jini har ya kamu da ƙarancin jini, girmansa ya ja baya.

Dalilin maimaitawa shi ne maganin yana kashe tsutsar da ya tarar ne kawai, ba ya hana wata shiga. Ƙwayayen da suka faɗa ƙasa tare da bayan gida sukan ƙosa har su iya kama mutum cikin kimanin mako uku, yaro mai rarrafe ko sabon tafiya kuwa hannunsa daga ƙasa sai baki. Wata ma ta fatar tafin ƙafa take huda ta shiga idan yaro yana yawo ba takalmi. Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idarta ta 2017, ta ba da shawarar a riƙa ba yara daga wata 12 magani sau ɗaya a shekara inda aƙalla kashi 20 cikin 100 na yara ke ɗauke da tsutsar, sau biyu kuma inda abin ya wuce kashi 50, ba tare da an gwada kowane yaro ba.

Abin da na fi so ki sa wa ido shi ne adadin da yadda ake bayarwa. Yaron da bai cika shekara 2 ba rabin ƙwayar maganin tsutsa mai suna albendazole ake ba shi, wato miligiram 200, ba 400 ba. A murƙushe ta a dama da ɗan ruwa, a zaunar da shi a miƙe, kada a toshe masa hanci a ɗura masa yana kuka, domin ƙwarewa ita ce haɗarin gaske a nan. Idan yana zazzaɓi ko amai ranar, a jinkirta har ya warke. Ɗan murɗawar ciki ko tashin zuciya bayan shan maganin yakan wuce da kansa, amma idan cikin ya kumbura, amai ya ƙi tsayawa, ki kai shi asibiti nan take.

Tsakanin wannan karo da na gaba, ki yanke masa farce, ki wanke masa hannu da sabulu kafin ya ci abinci, ki kuma zubar da bayan gidansa a masai maimakon a bar shi a ƙasa.